Ma'aikatar magajin gari za ta iya ranta wa masu sayar da motoci kuɗi don kada su sallami yara?

Ɗan Bagalam:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san kuɗin hukuma da waɗanda suka san harkar mota.

Duk wanda ke bi ta wuraren da ake baje motocin sayarwa a Maradi ya san kasuwar ta canza. Tun Janairun 2017 da Najeriya ta hana shigar da mota ta iyakokin ƙasa aka fara jin jiki. Aka zo aka rufe iyakar ɗungurungum daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Sai kuma abin da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, aka sa takunkumi, gadar Gaya da ke kan iyakar Benin ta rufu, kaya suka koma bin Lome. Naira ita ma ta faɗi, Bakatsine ko Bakano ya zo da kuɗinsa ya canza sefa, ya ga ba su kai shi ko'ina ba. Yanzu masu wuraren suna rage yara a hankali. Mai wanki ne ke fara tafiya, sai direba, sai yaron da ke bin takardu, bayansu kuma mai fenti da mai lantarkin mota su zauna ba aiki.

An ce a Amurka, lokacin da tattalin arziki ya karye a 2008 da 2009, akwai garuruwan da hukumarsu ta ranta wa dillalan mota kuɗi don kada su rufe. To mu nan, ma'aikatar magajin gari za ta iya yin haka? Doka ta yarda? In ta yarda, ta wace hanya kuɗin zai bi, wa ya cancanta, kuma yaya za a tabbatar aikin yaran aka tsare, ba gidan Alhaji aka ƙara wa bene ba?

Tsohon Akawu:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Maganar Amurka gaskiya ce, amma a san abin da ya tura su. A 2009 kamfanonin General Motors da Chrysler suka durƙushe, Chrysler kaɗai ta yanke hulɗa da dillalai 789. A jiha irin Kalifoniya, kashi 1 cikin 100 na kuɗin abin da aka sayar yana komawa asusun garin da aka yi cinikin a cikinsa. Motar dalar Amurka 25,000 tana bar wa gari dala 250. Wurin mota ɗaya in ya rufe, kuɗin 'yan sanda da na gyaran titi ne ya ragu. Wato tukunyarsu suke tsaro.

Mu nan ba haka rabon yake ba. Kuɗin duwan da harajin ciniki na TVA na kashi 19 duk baitulmalin ƙasa suke shiga. Abin da gari ke gani daga mai sayar da mota bai wuce kasonsa na fatanti ba, da kuɗin filin da aka baje kaya in na hukuma ne, da kuɗin allon talla. Saboda haka kada wanda zai kai maganar ya ce wa hukuma za ta mai da kuɗinta ta hanyar lanho. Ba za ta mayar ba. Hujjar da ke tsayawa ita ce ta aikin yi kawai.

Batun doka kuma, a ɗauki kuɗi daga akwatin gari a ƙirga wa ɗan kasuwa a hannu, wannan a manta da shi. A ƙasashen UEMOA, wato na Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, mai da ba da bashi sana'a aikin banki ne da asusun ajiya da lamuni masu lasisi. Sannan kuɗin gari ba a aljihun shugaba suke ba. Shi umarni yake bayarwa, ma'aji ne ke biya, ma'aji kuma ba ya fitar da ko dala sai ya ga gurbin abin a kasafin kuɗi da takardun da suka halatta shi. Wanda ya taɓa kuɗin hukuma ba ta wannan hanya ba, ranar da masu bincike suka zo daga aljihunsa zai biya. Dokar da ke tafiyar da ƙananan hukumomi ita ce ta 17 ga Satumban 2010, kuma tun Afrilun 2024 da aka rusa majalisun garuruwa kantoma ke riƙe da ragama. Birni irin Maradi, abin da aka yanke sai ya bi ta gaban gwamna a duba dacewarsa da doka.

Ko da doka ta buɗe ƙofa, ni ba zan ba da shawara ba. Hukumar gari ba ta iya bin bashi ba. Wanda ya ci kuɗin banki yana kwana da tunanin takardar gidansa. Wanda ya ci na hukuma cewa yake rabonsa ne ya tsaga, in aka matsa masa ya nemo mai faɗa a ji ya buga waya.

Abin da gari zai iya yi ba tare da ya zama banki ba shi ne ya tsaya bayan bankin. Ko dai ya ɗauke wa ɗan kasuwa wani yanki na kuɗin ruwa, ko ya ajiye wani adadi a matsayin lamuni wanda banki zai taɓa in bashi ya mutu, ko ya haɗa biyun. Akwai kuma abin da bai buƙatar ko sisi ya fita, kamar a raba wa mutum kuɗin fili ya biya kashi huɗu maimakon lokaci guda, ko a ba masu motoci fili ɗaya mai katanga da fitila su haɗa mai gadi. Kafin a taɓa kuɗin gari ma, a leƙa FONAP, asusun da gwamnati ta kafa don ƙanana da matsakaitan sana'o'i, da SAHFI da ke tsaya wa 'yan kasuwa lamuni a banki. In sun ɗauki rabin nauyin, na gari ya yi sauƙi.

Na Bakin Kwalta:

Baba Akawu ya yi bayanin hukuma, Allah ya ƙara girma. Bari in faɗi inda ciwon yake a cikin sana'ar, don in ba a gane shi ba bashin ƙara wa Barno dawaki ne ga wasu, ga wasu kuma igiyar rataya.

Mai sayar da mota ba da tsadar mota yake ci ba, da saurin juyawar jari yake ci. Da, mota ta fito tashar Kwatano ta bi Paraku, Malanbil, Gaya, a Doso ta karya dama ta bi Dogon Dutsi, Ƙonni, Madawa, sai Maradi, ko Yamai ba ta gani. Ta hanyar Lome kuwa sai ta ratsa Togo daga ƙasa har sama, ta shiga Burkina, ta jira a haɗa ayari da rakiyar soja, ta bi Dori da Tera ta faɗo Yamai, sannan a fara kilomita wajen 660 zuwa nan. Duk kwanan da aka yi ana jira, direba yana ci, kuɗin ajiya yana hawa, jarinka yana kwance.

A yi lissafi da misali. A ce mutum yana da mota 10, kowace ta tsaya masa miliyan 4, jari miliyan 40 ke nan, kuma a ce yana samun jika 300, wato sefa 300,000, a kan kowace. In daga biyan kuɗi zuwa sayarwa kwana 45 ne, zai juya jarin sau 8 a shekara, ya tashi da miliyan 24. In abin ya koma kwana 120, sau 3 zai juya, miliyan 9. Jarin bai ragu ba, ribar kowace mota ba ta ragu ba, amma kusan kashi biyu cikin uku na abin da yake ciyar da gida da yara da shi ya tafi. A nan ake fara cewa yaro ya ɗan huta a gida tukuna.

Motar da ta daɗe a tsaye kuma ba ajiya ba ce, cin kanta take yi. Batir ya mutu cikin 'yan makonni in ba a tayarwa. Taya ta kwanta gefe ɗaya, ranar bazara ta tsattsage ta. Gaban mota ya dare, robobin na'urar sanyi su bushe iska ta zube, man da ke tanki ya lalace ya toshe famfo, ɓera ya shiga ya ci waya. Ga shekara tana juyawa, motar da aka kawo a Nuwamba in ta kai Fabrairu mai saye zai ce ta ƙara tsufa, ya rage tayi.

To masu kukan iri biyu ne, kuma a bakin titi ba ka bambance su. Na farko yana da masu saye, matsalarsa motocinsa suna hannun duwan ba kuɗin fanso su. Ya zuba duk abin da ke hannunsa wurin saye da hanya, ga kuɗin duwan ana yanka shi bisa ƙimar da suka yi wa motar, ba bisa abin da ka ce ka saya ba. Wannan in aka ba shi rancen wata uku zuwa shida ya fitar da mota biyar, ya tashi. Na biyu kuwa, masu sayensa 'yan ƙetaren Jibiya ne, manyan motoci yake ɗaukowa don kasuwar Kano da Kaduna, su kuma sun daina zuwa. Wannan ko miliyan 100 aka ba shi, ƙarin motocin da za su sha ƙura zai sayo. Maganinsa ya karya farashi ya rabu da manyan, ya koma ƙananan Toyota da ma'aikaci da ɗan taksi ke iya saye, da Hiace da Hilux da 'yan kasuwar ƙauye ke nema. In bai yarda ya yi wannan asarar ba, kada a sa sunansa.

Hanyar rarrabe su mai sauƙi ce. A karɓi littafin cinikinsa na wata 24, a ga mota nawa ta fita kowane wata, wa ya saya, lambar ina aka sa mata. Wanda ba ya da littafi, kwafin takardun sayarwa da rasit na duwan za su nuna.

Abu ɗaya kuma da na waje bai sani ba. Yawancin motocin da kuke gani jere ba na mai wurin ba ne. Na mutane ne da suka kawo a sayar musu, shi la'adarsa kawai yake jira. Mai ba da bashi in ya ƙirga mota 30 ya ɗauka jarin mutum ne, ya ƙirga dukiyar wasu.

Mai Lissafi:

Maganar Alhaji Na Bakin Kwalta ta ƙarshe ita ce ginshiƙin abin. Bashin mota ba a ba mutum shi dunƙule. Kan kowace mota ake ɗaura shi, da lambar shasinta mai harafi da lamba 17.

Ga yadda ake yi. Ɗan kasuwa ya kawo takardun motar da ke jiran fansa. Banki ba ya ba shi kuɗi a hannu, shi ke biyan duwan kai tsaye ta hannun tiranzite, wato mai fitar da kaya daga duwan, mai lasisi, ya karɓi rasit. Takardun asali da makulli na biyu su zauna a banki. A rubuta jingina a kai, a shigar da ita rajistar kasuwanci ta RCCM da ke kotu, kamar yadda dokar jingina ta OHADA, ƙungiyar da ta haɗe dokokin kasuwancin ƙasashenmu, da aka sabunta a Disamban 2010 ta tsara. In motar ta riga ta sami lamba, dole a rubuta jinginar a jikin kartagiris, wato katin rajistar mota, in ba haka ba wanda ya saya zai ce bai sani ba. Ranar da aka sayar, mai saye ya zuba kuɗin a asusun da aka keɓe, banki ya cire nasa, ya saki takardu, saura na Alhaji ne. Ba a ba da fiye da kashi 60 zuwa 70 na ƙimar mota, don in ta kama a yi gwanjo kada a faɗi. Motar da ta wuce kwana 90 ba ta fita ba, mai ita ya fara rage uwar kuɗin, a ce kashi 10 kowane wata. Wannan shi ke hana mutum rungume mota yana jiran farashin da ba zai zo ba.

Kada a yanka biya daidai wa daida kowane wata kamar na ma'aikaci. Cinikin mota a nan yana bin kaka, lokacin da kuɗin wake da riɗi da aya da gujiya suka shigo hannu, da gabanin salla. Da damina kasuwa kwance take. Wanda aka ce ya kawo adadi ɗaya a Agusta da Disamba, a Agusta zai karye.

Yanzu kuɗin ruwa, don a ga dalilin da ya sa hannun hukuma ke da amfani. A 2014 aka tsayar da iyaka a UEMOA, kashi 15 a shekara ga banki, kashi 24 ga ƙananan asusun lamuni. Ɗauki motar miliyan 4 ta misalin Alhaji. A kashi 24, tana cin jika 80 kowane wata, wata huɗu jika 320, ta cinye ribar jika 300 har da ƙari. A kashi 10, wajen jika 33 ne a wata, wata huɗu jika 133. In gari ya ɗauke maki 4 ya koma kashi 6, jika 20 a wata, wata huɗu jika 80. Ga inda mutum zai iya riƙe yaransa.

Me zai ci wa gari? A ce an ware miliyan 50. In rabawa aka yi miliyan goma goma, mutum 5 ne, shi ke nan, sauran su zama abokan gaba. In an ajiye miliyan 40 lamuni a kan rabin kowane bashi, banki zai iya fitar da miliyan 80 ko da bai yarda ya ninka ba, in ya yarda ya ninka sau biyu miliyan 160, wato mutum 16. Maki 4 a kan miliyan 160 na shekara guda miliyan 6 da jika 400 ne, ragowar miliyan 10 ta ɗauke shi har da kuɗin mai zagayen ƙirga. Kuma miliyan 40 ɗin nan tana nan, sai abin da ya mutu. Amma lamunin kada ya wuce rabi. In gari ya tsaya wa kashi 100, banki ba zai ƙara duba fuskar kowa ba, tunda ba abin da zai rasa. A kuma rubuta cewa sai banki ya sayar da jingina tukuna sannan ya taɓa kuɗin gari, a kan abin da ya rage.

Inda abin ke lalacewa sananne ne. Mutum ya sayar da mota ya ce wa mai saye takardu suna Yamai, ya juya kuɗin wata biyu. Ko ya nuna mota ɗaya ga masu bashi biyu. Ko ranar ƙirga ya aro biyar wurin maƙwabci. Shi ya sa ƙirga ba a sanar da ranarta, kuma ba launi ko lambar gaba ake dubawa ba, murfi ake ɗagawa a karanta shasi a gwada da na takarda. Sau biyu a wata ya isa. Asiransin gobara da sata da ruwa wajibi ne, da sunan banki a ciki. Wanda ya ga ambaliyar daminar 2024 a garin nan ba zai yi gardama ba, kuma filin da ke cikin kwari kada a karɓe shi tun farko.

Ɗan Bagalam:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Amma akwai abu biyu da suka rage mini. Da yawa daga cikin alhazan nan ko kashi 1 aka ce kuɗin ruwa ne ba za su taɓa ba, gara su rufe. Sannan har yanzu ban ji yadda za a ƙirga yaran ba, alhali don su ake maganar.

Hajiya 'Yar Mokoyo:

Ɗana, na farkon yana da mafita. Murabaha ita ce ta dace da mota fiye da kowane kaya. Banki ya sayi motar ta zama tasa, sannan ya sayar wa ɗan kasuwa da ribar da aka faɗa tun farko, a biya zuwa wani lokaci. Kuɗin ba ya ƙaruwa don an yi jinkiri. Muna da Bankin Musulunci na Nijar, kuma tun 2018 BCEAO, babban bankin ƙasashen UEMOA, ta fitar da ƙa'idojin da suka ba sauran bankuna da asusun lamuni damar buɗe sashen irin wannan ciniki. Hukuma sai ta biya wani yanki na ribar bankin a madadin ɗan kasuwa. Sai dai a kula, murabaha tana tafiya ne a kan motar da ba a saya ba tukuna. Motar da ta riga ta zama ta Alhaji tana zaune a duwan, banki ba zai sayar masa da abinsa ba. Wannan sai malaman bankin sun zauna sun fitar da wata siga, kuma a yi haka kafin a buɗe rajista, ba bayan mutane sun yi layi ba.

Na biyun shi ne mai wuya, don yawancin yaran nan ba su a kowace takarda. Ba albashi suke ɗauka ba, in mota ta fita a ba su na goro, da salla a ɗinka musu. In aka ce sai mai rajistar CNSS, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, za a ƙirga, za a tarar wuri mai ciyar da mutum 12 ba ya da ma'aikaci ko ɗaya. In kuma aka ce kowa ya rubuto sunayen yaransa, za a ga har da ƙannen matarsa.

Tsaka-tsaki shi ne a yi ƙirgar farko kafin a sanar da ko nawa za a bayar. A je wurin ba shiri, a rubuta wanda aka tarar, da lambar katinsa da aikin da yake yi, shugaban ƙungiyar masu motoci da wakilin hukuma su sa hannu. Sai a ɗaura girman bashin da yawan mutanen, a ce miliyan 2 kan kowane ma'aikaci, kada a wuce miliyan 10. Cikin wata uku a sa aƙalla na dindindin a CNSS. A san nauyin tun yanzu don kada a yi kuka daga baya: mafi ƙarancin albashi jika 42 ne tun Janairun 2024, mai gida yana ƙara kashi 16.4, wato sefa 6,888, a cire wa yaro kashi 5.25, sefa 2,205. Albashin ya bi ta asusu ko ta waya, ba hannu da hannu ba, don ya bar sawu.

Tallafin hukuma kuma a ƙarshen kowane wata uku za a biya shi, bayan an ga yaran suna nan. Wanda ya rage mutum biyu cikin biyar, a rage masa kashi 40 na tallafin wannan zangon. Kada a ce ya dawo da bashin gaba ɗaya nan take, wannan rufe wurin ne, sauran ukun ma su bi. In yaro ya tafi da kansa, a ba mai gida kwana 30 ya maye gurbinsa.

A lissafin Malam Mai Lissafi, maki 4 a kan miliyan 10 jika 400 ne a shekara. In mutum biyar aka tsare, jika 80 ke nan kan kowane ɗaya, bai kai albashin wata biyu ba. Wannan adadin ne za a ɗora a teburin kantoma, ba kukan kasuwa ba.

Masu fenti da walda da lantarki da ke cin abinci a gefe ba za su shiga wannan ƙirgar ba, tunda ba yaran kowa ba ne. Abin da za a iya yi musu shi ne a sa sharaɗin cewa gyaran motar da aka fansa da wannan kuɗi a garin nan za a yi shi, a kawo rasit. Almajiran garaji kuma a nema musu ta FAFPA, asusun koyon sana'a, aikinsa ke nan.

Malam Na Zariya:

Ku gafarce ni, ni ban gamsu ba. Garin da magudanan ruwa ke jiran yasa, shara ke jiran kwasa, azuzuwan zana ke jiran bulo, shi ne zai kulle miliyan 40 a banki don masu motoci? Su ne fa masu ƙarfin garin. Jika 80 kan mutum ɗaya da Hajiya ta lissafa gaskiya ne in ba bashin da ya mutu. In biyu cikin 16 suka mutu, ko da an sayar da jingina an sami rabi, gari ya yi asarar miliyan 5, lissafin ya kusa ninkawa. Kuma mai sayar da babur, da tela, da mai injin matsar mai, da wane baki za a ce musu ban da su? Babur ɗaya na kabu-kabu yana ciyar da gida, kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na mota ba. In za a yi, a buɗe wa duk sana'ar da ke da ma'aikata uku zuwa sama, masu motoci su shiga layi kamar kowa.

Tsohon Akawu:

Malam, maganarka tana kan hanya, kuma ko ta fuskar doka ta fi sauƙin karewa. Tsarin da aka rubuta wa sana'a ɗaya, gobe za a ce don wane da wane aka yi. A rubuta sharuɗɗan a buɗe, jinginar mota ta zama reshe ɗaya a ciki. Lissafin asararka ma daidai ne, shi ya sa zagayen farko bai kamata ya wuce shekara ɗaya da mutum goma ba, kuma a rubuta cewa in abin da ya makara ya kai kashi 10 na kuɗin da ke waje, a dakatar da sabon bayarwa sai an zauna.

Ga mai tambaya, in da gaske ake, ga inda za a fara. Masu motoci su zo a ƙungiya mai rajista, ba ɗaiɗai ba, kowa da lambar harajinsa ta NIF da RCCM da shaidar ya biya fatantin bara. Wanda gari ke bi kuɗin fili ya biya ko ya sa hannu kan yadda zai biya. Su bi ta reshen Majalisar 'Yan Kasuwa na Maradi a rubuta takardar tare, da jerin motocin da ke duwan, shasi bayan shasi, da abin da ake bin kowace. A nemi banki biyu ko uku kowa ya faɗi kashi nawa zai ɗauka da sau nawa zai ninka lamuni, a rubuce. Kwamitin zaɓe kada ya haɗa da mai neman bashin ko ɗan'uwansa, kuma kalmar ƙarshe kan ko mutum zai iya biya ta banki ce, ba ta hukuma ba. Sunayen waɗanda aka ba a liƙa su a allon ma'aikatar.

Lokaci kuma a kiyaye shi. Shekarar kasafi daga Janairu take zuwa Disamba, a watannin ƙarshen shekara ake shirya na gaba. Takardar da ta iso a Maris sai dai ta jira gyaran kasafi, in an yi. A kai ta tun Agusta ko Satumba.